Yadda Vernon Ya Koma Koyon Kuskurensa

Ban taɓa yarda cewa faifan ƙungiyar kiɗan nan ta Ɓerayen Rumbu yana da daɗi ba. A garinmu Norwick muna faɗar sunansa ne kamar yadda muke faɗar ambaliyar da ta taɓa cinye gadar gari: abu ne da ya same mu, ba abin da muka yi ba. Sai na tafi karatu ƙetare, na daɗe, a can kuma na tarar da mutane masu gemu da tabarau suna riƙe faifan nan da hannu biyu kamar jinjiri. Da suka ji garin da na fito, sai suka tashi suka ba ni kujera. Na saurara tare da su da zuciya ɗaya, na sake saurara, abin da na ji dai bai wuce yara huɗu suna kokawa da kayan kiɗa a cikin gareji ba, kayan kiɗan kuma na neman kayar da su. Da na dawo gida na ce bari in nemi wanda zai fahimtar da ni. Aka tura ni wurin Vernon Lindgren, wanda ya buga gangunan faifan, sai na tarar ya fi ni ƙin sa.

Vernon bai shiga ƙungiyar don ya iya kiɗa ba. A shekarar 1966 yana da shekara goma sha bakwai, kuma a duk ajinsu shi kaɗai ubansa ke ba aron a-kori-kura. Duane Petrak, mai waƙar, yana da gashi har kafaɗa da garejin ubansa. Tagwayen gidan Sorley kowanne na da jita. Abin da babu shi ne motar kwasar kaya. Gangunan kuwa na yayan Duane ne da aka ɗauka soja.

Duane ya ce masa, "Tunda kai za ka riƙa ɗaukarsu, ai sai ka riƙa buga su. Mene ne a ciki? Duka ne kawai."

Wata Asabar da rana wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo da na'urarsa, ya rataye makirufo ɗaya a katakon rufin gareji, ya ce shi ba ya ɗaukar waƙa sau biyu. Waƙa uku suka wuce da ƙyar. A ta huɗu hannun Vernon ya yi gumi, sandar kiɗa ta suɓuce masa ta tafi ta daki injin yankan ciyawa. Ya sunkuya yana lalube da hannu ɗaya, ɗayan na dukan abin da ya samu, kiɗan ya yi tuntuɓe ya kusa faɗuwa. Da ya samo sandar, kunya ta sa ya zabura don ya kamo sauran, ya wuce su, su ma suka bi shi da gudu har ƙarshen waƙar. Ya roƙi a sake. Mutumin rediyo ya ce yana da ɗaurin aure da zai ɗauka da yamma, su yi ta biyar.

Faifan bai sayu ba. Mahaifiyar Duane ta riƙa ɗora tukwanen furanninta a kan ragowar. Jaridar gari ta miƙa guda ɗaya ga matar da ke rubuta labarin jana'iza da na kasuwar coci, ita kuwa ta rubuta layi biyu. Ta ce yaran suna da ƙarfin hali, makaɗin kuma kamar mutumin da ya faɗo daga bene rungume da tukwane.

Kowa a Norwick ya karanta. Daga ranar, duk Juma'a in an taru cin soyayyen kifi a zauren tsofaffin sojoji, tire bai isa ya faɗi a kicin ba sai wani ya ɗaga murya: "A yi shiru, Vernon na gwaji!"

Da wani yaron ne, da sai ya ajiye sanda. Vernon ya ɗauki faifan ya tafi wurin tsoho Zeman, wanda ya tsufa yana kaɗa kiɗan rawar polka a bukukuwan aure. Tsohon ya saurara har waƙa ta huɗu, ya ɗage allura, ya dube shi da tausayi.

"Ɗana, an kai kowa asibiti?"

Ya ba shi ɗan akwatin nan mai tsinke da ke kaiwa da komowa yana ƙas, ƙas, ya ce kada ya sake taɓa ganga sai ya iya tauna abinci daidai da shi. Vernon ya bi. Ya koyi gyaran tukunyar ɗumama gidaje, ya auri Marlis, suka haifi 'ya'ya, akwatin nan bai bar teburinsa ba. A hankali ya zama makaɗin da ba a aure a yankin sai da shi. Tsofaffin mata masu ciwon gwiwa suna tambaya ko Vernon ne zai kaɗa kafin su yarda su tashi rawa, domin sun san ƙafarsu za ta tarar da kiɗan a inda ta bar shi. Maganar tukwane ta mutu da waɗanda suka san ta. Vernon ya ɗauka an gama.

Sai wasu masu tonon tsofaffin fayafayai suka tono faifan. Aka sake buga shi a birni, aka sake bugawa a Turai, mujallu suka fara zuwa gidan Vernon daga wuraren da bai san ana jin kiɗa ba. Masu sharhi suka rabu gida-gida. Akwai masu cewa faifan shi ne uban duk wani kiɗan hayaniya da samari suka yi daga baya. Akwai masu cewa shara ne, amma sharar da ba a taɓa yin irinta ba. Wani ɗan Landan ya rubuta shafi huɗu yana nuna cewa da gangan makaɗin ya jefar da sandar, don nuna adawa da yaƙin da ya ɗauke mai gangunan. Wani Bafaranshe ya ce a wurin nan ana jin ƙuruciya tana karyewa. Wurin ya samu suna, Tuntuɓe, kuma a kansa kaɗai duk suka haɗu: in ba don makaɗin bai iya ba, da faifan bai zama komai ba. Har aka samu wanda ya rubuta cewa kiɗan kamar faɗowa ne daga bene da tukwane, ya kuma ba shi tauraro biyar.

Marlis ta mayar da karanta su abin karin kumallo.

"Vern, ka ji wannan. Ashe yaƙi kake adawa da shi, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Gumi na yi, Marlis. Hannuna ne ya yi gumi."

"To, ka yi wa ƙasarka gumi. Miƙo mini man shanu, gwarzo."

Shi abin ba dariya ba ne a wurinsa. Da zagi ne, da ya san yadda zai yi da shi, don ya taɓa yi. Amma ga mutane sun ɗauki zagin nan, ba su canja masa ko kalma ba, sun naɗe shi a takardar kyauta sun aiko masa.

Da faifan ya cika shekara arba'in, wani likitan haƙori daga Toledo mai suna Lyle Brandvold ya bugo waya ya ce ya kama zauren tsofaffin sojoji, Ɓerayen Rumbu za su sake hawa dandali sau ɗaya, mutane na tahowa har daga Japan. Marlis ta ɗauka mijinta zai ajiye wayar. Sai ta ji ya ce to. Ranar ya wuni yana fito. Abin da yake so guda ɗaya ne: ya zauna a bayan gangunan nan a gaban mutanen gari da masu gemu da tabarau, ya buga waƙoƙin daidai, daga farko har ƙarshe, sau ɗaya a rayuwarsa.

Duane ya taso daga Florida da sababbin haƙora da hular da ba ya cirewa ko a wurin cin abinci. Tagwaye suka zo da kujerun naɗewa, don yanzu ba sa iya doguwar tsayuwa. Aka haɗu a tsohon garejin, wanda ƙanwar Duane ta gada. Lyle ya shigo sanye da riga mai hoton Vernon yana ɗan sha bakwai, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Ranka ya daɗe, wannan ne hannun? Wannan ne ya saki sandar?"

"Sake mini shi, likita, da shi nake cin abinci."

Suka fara. Vernon ya ƙirga musu, ya shiga, kiɗa ya miƙe sumul kamar sabon titi. Bai taɓa jin waƙoƙin sun zauna haka ba. Suna tsakiyar ta biyu Duane ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Mene ne wannan?"

"Kiɗa."

"Na ji kiɗa ne. Wa ke aure?"

"Haka ya kamata a buga ta tun farko, Duane."

"Kai tsoho, mutum ya hawo jirgi daga Osaka ta Japan, ka ce zai zo ya ji yadda ya kamata? Yadda ya kamata ai yana da shi a gida!"

Lyle ya koma gefe ya zauna a kan buhun taki, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Can ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta, ya ce ko za a ba shi izini ya nuna wani abu. Vernon ya tashi ya ba shi wuri. Likitan ya naɗe hannun riga ya buga waƙa ta huɗu. Ya makara a inda Vernon ya makara a 1966. Ya daki bakin ganga a inda Vernon ya kuskure tsakiyarta. Da aka zo Tuntuɓe sandar ta tashi daga hannunsa ta daki injin ciyawar ƙanwar Duane, ya sunkuya yana lalube, ya zabura, tagwaye suka bi shi a guje, ɗayansu har da hawaye. Ashe tun yana jami'a yake koyon abin, kuskure bayan kuskure.

Duane ya share gumi a ƙarƙashin hula.

"Ka ji ko? Wancan ne Vernon. Kai ban san ko wane ne ba."

"Ni ne na yi shi, Duane."

"To ka sake yi. In ba ka iya kafin Asabar ba, likita ne zai zauna a nan, kai kuma mu sa maka kujera a gaba ka riƙa ɗaga wa mutane hannu."

Haka Vernon Lindgren, mai furfura, makaɗin da amare ke yi wa layi, ya koma ɗalibin likitan haƙori. Kowace safiya Lyle na zuwa ɗakinsa na ƙasa da faifai a hammata, yana ba da haƙuri tun daga bakin ƙofa.

"Ka gafarce ni, ranka ya daɗe, amma ka yi saurin makara."

"Na yi me?"

"Makarar tana nan gaba kaɗan. A nan tukuna kana daidai, bisa kuskure. Sai Duane ya yi ihu sannan ka rikice."

"Kai ka san inda na rikice, ni ban sani ba?"

"Kai sau ɗaya ka yi shi, ranka ya daɗe. Ni kuwa kullum."

Makara da saurin ba su ba shi wahala sosai ba. Sandar ce ta gagara. Duk lokacin da ya sake ta, ɗayan hannun sai ya cafke ta a iska tun kafin ya sani, kiɗan bai ko girgiza ba. Marlis ta sauko da kofi ta tsaya kallo, ta koma ta dawo da man shanu ta shafe sandar. Ya cafke ta duk da haka. Duane ya ce a ba Vernon giya. Ya sha kwalba biyu, kiɗan ya ƙara daidaita, don a bukukuwan aure ya saba.

Amma Vernon mutum ne da in aka ba shi darasi sai ya ci shi. Ya ajiye akwatin tsoho Zeman a gabansa, ya auna kowane kuskure, ya san nisansa da daidai, ya haddace. Ana gobe wasa ya buga faifan gaba ɗaya, sanda ta faɗi a wurinta, lalube a wurinsa, gudu a wurinsa. Ya dubi malaminsa.

Lyle ya sosa ƙeya. "Babu inda ka kuskure."

"Madalla."

"Shi ne matsalar. Kuskuren ya yi tsabta da yawa. Ba a jin tsoro a ciki."

"Likita, ɗauki hularka."

Duane dai ya ce ya isa, kujera ta Vernon ce. Marlis ta lura mijinta bai yi murna ba. Da suka zauna cin abincin yamma ya riƙa juya dankali a faranti.

"Ka samu abin da kake so, me kuma?"

"Na samu kujerar. Kan abin da za a yi a kanta ne ba a tambaye ni ba."

"To ka yi abin da za ka iya kwana da shi. Ni dai ba zan sake ɓata man shanuna ba."

An sa wasan da la'asar, saboda masu kiɗan da rabin masu kallon ba sa kai dare. Zauren ya cika har ƙofa. Mutanen gari suka zauna a teburan baya da kifinsu da giyarsu, baƙi suka cunkushe a gaba, wasu rungume da faifai, wasu da littafin rubutu. Vernon ya buga waƙa uku na farko yadda aka koya masa, kowane kuskure ya fito sai zaure ya ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo. Ya ga wani Bajapane ya rufe ido yana gyaɗa kai daidai inda ya daki bakin ganga.

Da aka shiga ta huɗu sai ya ji abin ya ishe shi. Ya gyara zama, ya damƙe sandarsa, ya ce a ransa wannan guda ɗaya tasa ce. Ya miƙe kiɗan sumul. Tuntuɓe na matsowa, shi kuwa ko gezau.

Abin da bai lissafa ba shi ne, duk wanda ke gaban dandalin ya ji waƙar nan sau ba adadi, kuma bai taɓa jin ta ba tuntuɓe ba. Da aka iso wurin, Duane ya ja numfashi ya dakata, kamar yadda ya saba. Tagwaye suka yi tangaɗi tare. Jama'ar gaba, da ke tafi suna buga ƙafa, suka yi tuntuɓen da kansu, gaba ɗaya, kamar mutum guda: tafi ya karye, ƙafa ta rataya a iska, wasu har sun sunkuya suna lalube a ƙasa don nishaɗi. Sannan duk suka zabura, mawaƙi da masu jita da zaure, suka kwasa a guje zuwa ƙarshen waƙar.

Aka bar Vernon shi kaɗai a baya, yana tafe daidai, ƙas, ƙas. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku dawo!" Babu wanda ya ji. Ya ƙi bin su. Suka kai ƙarshe, Duane ya yi ihunsa na rufewa ya buɗe hannuwa, tagwaye suka kashe jita, shi kuwa makaɗi da sauran tafiya a gabansa. Ya ƙarasa ta shi kaɗai a cikin zauren da ya yi tsit, bai ƙara sauri ba, bai rage ba, har bugun ƙarshe a kan farantin tagulla.

Sai zaure ya fashe. Aka hau kan kujeru. Bajapanen nan yana kuka a kafaɗar wani ɗan Sifen. Duane ya juyo, haƙoransa na ƙyalli, ya yi magana ta gefen baki.

"Ɗan banza, me ka yi haka?"

"Daidai na buga."

"Kada ka gaya wa kowa!"

Lyle kaɗai bai yi tafi ba. Ya samu Vernon a bayan dandali, ya ce wannan ba ya cikin faifai, yanzu sai ya koma ya koyi sabo.

Mujallu suka fara isowa bayan 'yan makonni. Ɗan Landan ya ce makaɗin ya ƙi bin taro ne don ya nuna wa zamani iyakarsa. Wani ya ce tsufa ne ya kama shi, amma tsufa mai daraja. Na birni ya rubuta cewa bayan shekara arba'in Vernon Lindgren har yanzu bai iya tafiya tare da ƙungiyarsa ba, kuma a gode wa Allah da babu wanda ya koya masa. Marlis ta yanke wannan ta manna a jikin firiji.

A nan na tarar da takardar ranar da na je gidan. Vernon ya ba ni labarin yana kwance wani famfon tukunya a kan teburin kicin, bai yi dariya ko sau ɗaya ba, Marlis ce ke yi masa. Ta ce Lyle ya sake bugowa, yana so a maimaita wasan baɗi, har da masu ɗaukar hoto daga Jamus. Vernon ya ce ya riga ya gaya wa likita ya hau kujerar da kansa, shi yana da bikin aure ranar.

Na ce, "Wace rana ke nan, Malam Vernon, tunda ba su sa ranar ba tukuna?"

Ya hura cikin famfon, ya duba shi a haske, ya ce, "Duk ranar da suka sa."